Wanda ba lauya ba ya rubuta takardar fili ya karɓi kuɗi: taimako ne ko laifi?

Ɗan Tudun Wada: Salamu alaikum. Ni fa ban ga laifin akawun lauya don ya rubuta wa mutum takardar cinikin fili ba. Wani ya yi difloma ta shari'a a Kongo, reshen Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ya shekara da shekaru a ofishin lauya, kuma kuɗinsa bai kai na barista ba. Talaka ya yi yaya?

Hajiya ta Gyallesu: Ɗana, araha ba ta ado. Ƙanwata ta ba wani kuɗin shigar da ƙara kan gidan gado, kullum cikin kwat yake, kowa na ce masa barista. Ashe ko ƙofar kotu bai taka ba.

Barista: Allah ya kyauta, Hajiya. Sashe na 22 na Dokar Lauyoyi ya ce laifi ne wanda ba lauya ba ya kira kansa lauya, ko ya shirya takardar fili, ko takardun kotu, don a biya shi. Difloma ba ta sa sunan mutum a rajistar Kotun Ƙoli. Akawu zai iya tsara takarda a ƙarƙashin maigidansa, amma sa hannu da hatimin NBA, wato Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya, na lauya ne.

Malam na Ƙofar Doka: To ai wakilci ya halatta a Musulunci.

Barista: Allah gafarta Malam, tsaya wa ɗan'uwa gaban alƙali daban, buɗe shago ana karɓar kuɗin jama'a daban.

Ɗan Tudun Wada: Ku dai faɗi gaskiya, kasuwarku kuke karewa!

Barista: Tsada kam akwai, ban musa ba. Amma ga Hukumar Ba da Agajin Shari'a, dokarta ta 2011 ma ta san da mataimakan lauya, sai dai ƙarƙashin kulawa. Hajiya, kwamitin ladabtar da lauyoyi ba ya da hurumi kan wanda ba lauya ba. Ƙanwarki ta kai ƙorafin zamba wajen 'yan sanda, ta sanar da NBA reshen Zariya, sannan ta yi ƙarar neman kuɗinta. In a ofishin wani lauya yake aiki, shi ma maigidan sai ya amsa tambaya.

Hajiya ta Gyallesu: Rasit fa bai ba ta ba. Ta banki ta tura.

Barista: Ya wadatar. Ta ciro bayanan asusunta, kada kuma ta goge saƙonninsa na waya.