Sarƙar keken babana tana ta sulluɓewa, in canza ta kaɗai?

Ɗan Fage: Salam 'yan uwa, don Allah ina neman shawara. Akwai wani tsohon Phoenix na babanmu, Allah ya jiƙansa, da shi nake zuwa kasuwa, to kwanan nan in na taka feda da ƙarfi sai sarƙar ta yi ƙarat ta tsallake, jiya saura kaɗan in ci ƙasa a hawan gada. Ba na son rabuwa da keken nan wallahi.

Baba Mai Gyara: Allah ya jiƙan mahaifinka. Yaro, duba haƙoran firiwil na baya tukuna, in sun yi tsini sun lanƙwashe kamar ƙaya to sun cinye, sabuwar sarƙa a kansu tsallakewa za ta ci gaba da yi. Canza su tare. Babban na gaba yakan daɗe, sai ka duba shi.

Abu Zainab: Auna sarƙar da tef, daga fil ɗaya ka ƙirga wasu 24 a gabansa su ba ka inci 12 cif, in ta zarce sosai ta miƙe ke nan. Kuma ka bar zuba mata baƙin mai, ƙurar hunturun nan take kwasa ta riƙa cin ƙarfen. Wanke da kananzir, sai mai kaɗan.

Ɗan Fage: Na duba Baba, haƙoran sun yi tsini kam. Gobe in sha Allahu zan sayo duka biyun. Na gode.