Gishiri da hasken nan da ake ta faɗa, daga ina ake farawa?

Matashin_Kakuri:
Salama 'yan'uwa. Akwai abin da ke ci na tun ran Lahadi. Fastonmu ya yi wa'azi a kan Matiyu sura 5, inda Yesu ya ce mu ne gishirin duniya mu ne kuma haskenta, kowa ya ce amin, aka yi baiko aka watse. Ni kuwa tun a cikin keke nake ta juya maganar, wai a zahiri ta yaya Kirista zai zama alheri ga mutanen da yake zaune da su? Don abin da nake gani hidimarmu duk a cikin katangar coci take ƙarewa, yau addu'a gobe nazarin Littafi jibi koyon waƙa, maƙwabcina kuwa in ka tambaye shi me ya sani game da cocinmu cewa zai yi lasifika. Ni kaina sito nake riƙewa a shagon kayan gini, in ɗan kwangila ya zo oga yakan ce in ƙara kuɗi a rasit, ina jin kunya amma ina yi. Gashi an ba ni in bi da zumuntar matasa sati mai zuwa a kan ayar nan, da wane baki zan yi magana? Iyaye da yayye ku taimaka.

Mama_Mai_Hatsi:
Ɗana sannu, ai tunda abin ya dame ka ka riga ka kama hanya. Ni ba na da boko mai yawa, hatsi nake awo a kasuwa tun yarana suna goye. Ka san akwai mudun da ake bubbuga gindinsa ya shige ciki, ka ga an cika maka har da tozo amma an rage ka, kuma akwai masu mudu biyu, na saye daban na sayarwa daban. Na yi wannan a farko, ba zan ɓoye maka ba, kowa na yi. Wata rana a Zumuntar Mata aka karanta mana Karin Magana 11:1 cewa Ubangiji yana ƙyamar ma'aunin zamba, na dawo gida na kasa cin tuwo. Washegari na yar da ɗayan. Riba ta ragu sosai, wata wajen shida ina ƙorafi a zuci, amma yanzu akwai wata Hajiya da ko kasuwar ba ta zuwa, almajirinta take aikowa da kuɗi da buhu ta ce a kai wa matar nan mai zuwa coci. Ban taɓa yi mata wa'azi ba ko sau ɗaya.
Maganar rasit kuwa ka samu ogan ku shi kaɗai, ba a gaban mutane ba, ka ce yallaɓai ka yi haƙuri hannuna ba zai ƙara rubuta wannan ba. Zai iya korarka, ba zan ruɗe ka ba. Shi ya sa ka fara gaya wa dattawan ikilisiya su san halin da kake ciki.

Ɗan_Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan Kirista 'yan kaɗan ne ƙwarai, to ba mu da yawan da za mu yi taƙama da shi, aiki ne kawai ke magana. Asibitin Galmi na ƙungiyar mishan mai suna SIM tun 1950 yake aiki, mafi yawan masu zuwa Musulmi ne, har daga Nijeriya ana tsallakowa. Amma wanda ya fi burge ni shi ne wani ɗan mishan daga Ostireliya, Tony Rinaudo. Ya yi ta dashen itace a yankin Maraɗi suna mutuwa, sai a wajen 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa duk shekara ashe kututturen itace ne masu rai da saiwa a ƙasa. Sai ya ce a bar rassa kaɗan masu ƙarfi a datse sauran. Dariya aka yi masa da fari, don a lokacin gona mai tsabta ita ce wadda ba ko sabara a cikinta. Yau ana maganar kusan hekta miliyan 5 da itace ya dawo, kuma manoma ne da kansu suka yaɗa abin daga gona zuwa gona. Ɗan'uwa ka duba me unguwarku ta rasa tukuna.

Gaskiya_Ɗaci:
Ku yi haƙuri zan ɗan ɓata muku rai. Kullum asibitocin mishan na Galmi, Vom, Garkida, Wusasa, duk aikin mutanen da ne, mu me muka ƙara? Ikilisiya ta tara baikon talakawa ta gina makaranta, sai a sa kuɗin da mai sharar cocin ba zai iya kai ɗansa ba. Ana gasar gina bene da gilasai, gwauruwa tana bayan coci ana bin ta kuɗin haya. Yakubu ya faɗa a wasiƙarsa sura 2, bangaskiya in ba ayyuka matacciya ce. Kuma lokacin zaɓe kar ma a yi magana.

Malam_Tudunwada:
Ni Musulmi ne, abokina ya turo min na ce bari in sa baki, a gafarce ni. Matashi tunda a Kaduna kake ai ka san yadda garin ya rabu tun rikicin 2000, wasu ƙetaren kogi wasu nan. Ka san labarin Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa? A rikicin 1992 da ya taso daga Zangon Kataf suna gaba da juna, faston ya rasa hannu, limamin ya rasa malaminsa da 'yan'uwa, amma daga 1995 suka haɗa kai suna sulhu, har Yelwa da Shendam sun je. Wannan na manya ne. Nawa ƙarami ne, a tsohuwar unguwarmu wani coci ya haƙa bohol ya fito da famfo biyu ta wajen katanga, ba a taɓa tambayar kowa sunansa ba, da azumi ma mai gadin yakan tada janareta da wuri saboda mata masu girkin buɗa baki. Mahaifiyata har ta rasu in an taɓa mutanen cocin nan sai ta ce a'a, ban da su.

Matashin_Kakuri:
Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka. Malam namu bohol ɗin a ciki yake kuma da kwaɗo a get, zan tada maganar a zumunta in ga fuskar ma'aji. Gaskiya_Ɗaci ka taɓo inda ke ciwo amma ba ni zan karanta naka a gaban dattawa ba. Mama na ji, Litinin zan samu oga bayan an rufe shago, gabana sai faɗuwa yake. In ya sallame ni sai ki tanadar min tabarma kusa da ke ki koya min awo.