Mayar da takardar Word zuwa shafin intanet: abin da aka tsayar

Tambayar da aka tattauna ita ce yadda za a ɗauko rubutu daga Word a mayar da shi HTML, wato harshen da ake tsara shafukan intanet da shi, mai sauƙin gyara. Kusan duk wanda ya ba da amsa ya yi gargaɗi a kan kwafa da liƙawa kai tsaye, domin Word yana cusa tarkacen lambobinsa masu farawa da "mso", har sakin layi ɗaya ya zama dogon shirme.

Shawarar da ta fi samun karɓuwa ita ce a gyara takardar tun a Word: a yi wa kanun labari salon Heading 1 da Heading 2, kada a tsaya ga ƙara girman haruffa kawai. Daga nan Pandoc, manhajar kyauta da John MacFarlane ya fara a 2006, za ta gane su, ta kuma ware hotuna cikin jaka daban. Wata manhajar mai suna Mammoth ma haka take aiki. Wanda ba ya son layin umarni, wato rubuta wa kwamfuta umarni kamar yadda ake yi da Pandoc, ya zaɓi "Web Page, Filtered" wajen adanawa a Word, kodayake ba ya share dukkan tarkacen.

Mai rubuta Hausa ya tabbatar shafin yana kan UTF-8, wato tsarin adana haruffa a kwamfuta, in ba haka ba ƙ, ɗ da ɓ su koma alamun tambaya. Teburori kuwa, da hannu ake duba su.