Hilux ɗina ta ƙi tashi da asuba tun shigowar hunturu, na sake batir amma a banza

Mai Doyan Sabongari:

Assalamu alaikum jama'a. Ina da tsohuwar Hilux mai shan gas, injin 3L, da ita nake ɗauko doya daga Mbe in kawo kasuwa nan Ngaundere. Shekara huɗu tana hannuna ba ta taɓa kunyata ni irin na bana ba. Tun tsakiyar Disamba, in na fito bayan sallar asuba na murɗa makulli, sai ta yi ta juyawa, gur-gur-gur, kamar za ta kama, ba ta kamawa. Farin hayaƙi na fita ta salansa, warin ɗanyen gas ya cika ƙofar gida. Amma in rana ta ɗaga, wajen ƙarfe 10, bugu ɗaya take tashi, kuma in ta tashi ta tashi ke nan har dare.

Mai gyaran waya na layinmu ya ce batir ne. Na ba da tsohon, na cika kuɗi na karɓo sabo. Kwana biyu ta ɗan yi dama-dama, rana ta uku muka koma gidan jiya. Yanzu kowane dare a kan gangarar bayan masallaci nake ajiye ta, da safe yaran makarantar allo su tura ni. Jiya limaminmu ya ce mini, cikin raha dai, in fara biyan su kuɗin wata.

Wani abu da ƙila yana da amfani: wanda ya sayar mini da ita ya sa wani maɓalli a ƙarƙashin sitiyari, ya ce a riƙa dannawa kafin a murɗa makulli. Yaron motata ne ya fi tayar da ita, na ce masa in ta ƙi ya ƙara daɗewa a kan maɓallin. Wasu sun ce gas ne ke daskarewa, wasu sun ce injin ya gaji a sauke shi. Masana a taimaka, ranar kasuwa ba ta jiran kowa.

Ɗan Acaɓan Marwa:

Wa alaikumus salam Alhaji. Duba kan batir ɗin, in akwai farin garin nan ka wanke da ruwan zafi ka ɗaure da kyau. Babur ɗina ma haka yake yi da sanyi, cok nake ja masa.

Tsohon Bakanike, Garwa:

Ƙanena na Marwa, shawararka ba laifi, amma injin gas ba shi da cok, kuma mutumin ya ce tana juyawa da ƙarfi. Mota in matsalarta batir ce ko kan batir, kik ɗin, wanda muke ce wa demarer, sai ka ji yana jan jiki da ƙyar, ko ya yi ƙas-ƙas ya tsaya, fitilun gaban direba su dushe. Tasa ba haka take ba.

Alhaji, ka riga ka faɗi ciwon da bakinka, a wuri biyu. Na farko hayaƙin. Injin gas ba shi da filogin da ke ba da tartsatsi irin na fetur. Fistan ne ke matse iska har ta yi zafin da in an feso gas zai kama da kansa, kuma irin injinka yana matse ta ninki 22 ko kusa da haka. Da asuba ƙarfen injin ya kwana yana shan sanyi, yana zuƙe zafin nan tun kafin gas ya same shi. Ga shi ku kuna kan tudu, Ngaundere ta haura mita 1,000 a sama da teku, sanyin asubarku ba irin namu na bakin Binuwai ba ne. Farin hayaƙi mai warin gas yana nufin mai na isa cikin silinda, wuta ce babu. Da man ne ba ya zuwa, da ba ka ga hayaƙi ko kaɗan ba. Saboda haka ka bar famfon gas da nozul su huta tukuna, kada wani ya kwance maka su.

Abin da ke ba da zafin farko su ne hita, Faransawa na ce musu buji na dumama injin. Guda 4 ne a injinka, kowace silinda ɗaya, an haɗa kawunansu da wani siririn ƙarfe. Ɗaya in ta mutu mota za ta tashi tana karkarwa da hayaƙi na ɗan lokaci. Biyu ko uku in suka mutu, sai an tura ko rana ta gasa bonet.

Na biyu, maɓallin nan. Asali motar tana da rile, wato makunnin lantarki mai kunna kansa, da na'urar ƙidayar lokaci da ke ba hita wuta na 'yan daƙiƙu ta yanke da kanta. In ta lalace, masu waya da yawa ba sa neman wata, sai su ja waya su sa maɓallin hannu. Yana aiki, ni ma na sha yi wa mutanen da ba su da hali. Illarsa ita ce babu mai yanke wutar sai ɗan yatsanka. Bakin hita cikin 'yan daƙiƙu yake yin ja wur kamar garwashi. Kai kuma ka ce wa yaro ya ƙara daɗewa. Yaro in an ce ya daɗe, ai sai ya danna yana hira da mai shayi. Ina kyautata zaton da ɗaya ta fara mutuwa, ƙarin daɗewar ya ƙone sauran.

Gwajin ba ya cin ko dala. Ka sami kwan fitilar mota mai bolt 12 da waya biyu. A kashe makulli, a cire siririn ƙarfen da ya haɗa kawunan hitocin. Waya ɗaya a kan batir mai alamar tarawa, ɗayar ka taɓa kan kowace hita bi da bi. Wadda kwan ya kama, wayar cikinta ba ta tsinke ba. Wadda bai kama ba ta mutu. Bayan nan a mayar da ƙarfen, a sa wayar kwan ɗaya a kansa ɗaya a jikin injin, wani ya danna maɓallin, a ga ko wuta na isowa ma. Wani lokaci hitocin lafiya lau, fis ne ya ƙone ko waya ta saki.

In za a cire, a yi da injin da ɗumi, a ɗiga ɗan mai a gindinsu a bar shi ya jiƙa, a kwance a hankali. Hita in ta karye a cikin kan injin, aikin rabin awa ya zama na kwana biyu. Ka tafi da tsohuwar wurin mai kayan gyara, akwai lamba da yawan bolt a rubuce a jikinta, kada ka karɓi wadda ta saɓa don kawai zaren ya shiga. Kuma ka sake duka huɗun.

Maganar gas na daskarewa, wannan labarin ƙasashen ƙanƙara ne. Sanyin digiri 10 ko 12 ba ya daskarar da gas.

Direban Kusiri–Injamena:

Baba ya gama magana, sai dai in ƙara ɗaya don masu karantawa da tasu ba ta hayaƙi. Tawa bara haka ta yi ta juyi babu hayaƙi ko ɗigo, ashe robar da ke kawo gas ce ta tsage kaɗan, cikin dare iska ta shiga man ya koma tanki. A saman filtar gas akwai ɗan famfon hannu, ka danna shi da safe kafin ka taɓa makulli. In ka ji shi laɓo-laɓo sai ka yi ta dannawa kafin ya yi tauri, iska ce ke shiga. Mu da ke shan zuwa-zuwa, wato man da ake sayarwa a bakin hanya kuma, ruwa da datti ba sa rabuwa da filta, a riƙa kwance ƙasanta ana zubar da ruwan.

Alhaji don Allah kada ka bari a fesa maka fetur ko a kunna tsumma a bakin bututun iska. A tasha na ga an yi, motar ta tashi kam, da wata irin ƙara kamar ana dukan injin da guduma, mai tsumman kuma bai koma gida da gashin gira ba. In dole ce, tafasasshen ruwa a buta a zuba a hankali kan bututun da ke shigar da iska ya fi, a kauce wa wayoyi. Kuma kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15, a bar kik ya huce.

Tsohon Bakanike, Garwa:

Haka ne ɗana. Na manta ban tambayi baƙin mai ba. In mai kaurin nan lamba 40 zalla ake zuba mata, a juye na gaba a sa 15W-40, ya fi saurin sakin jiki da safe. Filtar iska ma a kakkaɓe, ƙurar hunturu ba wasa ba ce.

Mai Doyan Sabongari:

Baba, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya. Yau da hantsi muka yi gwajin kwan a ƙofar gida. Ta farko shiru, ta biyu shiru, ta uku kwan ya kama, ta huɗu shiru. Da muka ciro su, bakin guda biyu ya kumbura ya tsage kamar gyaɗar da ta ƙone a kasko. Na tambayi yaron nawa yake ƙirgawa a kan maɓallin, ya ce ba ya ƙirgawa, yakan karanta Ƙulhuwallahu ƙafa bakwai ne ya saki. Ban iya yi masa faɗa ba, ni na sa shi.

An sa sababbi huɗu. Ainihin gwajin sai gobe da asuba, amma a daren nan a ƙofar gida za ta kwana, ba a gangara ba. Mai wayar ya ce zai nemo mini rile da na'urar lokacin a wurin masu kayan tsofaffin motoci, kafin nan na ce wa yaron ya ƙirga goma ya ɗaga hannu.

Abin da ke ci mini rai shi ne tsohon batir ɗina. Na bi ta shagon ɗazu na gan shi an goge shi tas an ɗora a kan benci, da farashi a jikinsa. Baba, akwai yadda zan gane ko da ma lafiyarsa ƙalau?

Tsohon Bakanike, Garwa:

A sa masa mita bayan ya kwana ba a taɓa shi ba. In ya nuna wajen bolt 12.6 cike yake. A ɗora shi a mota a murɗa, in bai faɗi ƙasa da 10 ba yana da sauran rai. Amma in ya ga bazara uku a ƙasar nan, kada ka yi baƙin ciki sosai, zafin Afrilu ya riga ya sha ruwansa. Ka sanar da mu yadda asubar ta kasance.