Kalangu da fiyano, a fito fili

Ɗan Funtuwa: Salamu alaikum. Na buɗe fili, mai baki ya shigo.

Shata bai ɗau biro ya tsara baiti ba,
Kalangu na kira, bai taɓa yin shiru ba.
Yau yaro ya shige sutudiyo a Titin Zoo,
Kwamfuta ta miƙe muryar da ba ta miƙu ba.

Yaron Sutudiyo: Allah ya jiƙan Shata, tun 1999 ya kwanta dama, amma Baba bai bar mu mun huta ba.

Baba, ka tsaya can a Ƙofar Wambai,
Kana juya kaset da biro, kai kaɗai.
Shatan da kake yabo, a ina kake jin sa?
A YouTube, da datar da na tura ma dai!

Gimbiyar Damagaram: Wayyo cikina! Yaro ɗaya, Baba babu ko ɗaya.

Ɗan Funtuwa: Gimbiya, ke dama ƴar TikTok ce, ba a sa ki alƙalanci.

Ɗan nan, jira dai Nepa ta ɗauke wuta,
Mu ga ko muryar taka za ta iya fita.
Kalangu itace ne da fatar akuya,
Hammata ke matsa shi, ba ruwansa da janareta.

Malam Mai Aruli: Alhaji, ɗangon ƙarshe ya yi ƙiba, janaretar nan ta karya karin. Kai kuma Yaro, "dai" ɗin nan cike gurbi ce. Ko ChatGPT ka aika?

Yaron Sutudiyo: Wallahi Malam da kaina na yi. Na taɓa gwada shi, ya kasa auna gaɓa. Boko ba ya nuna dogon wasali, to ta ina na'ura za ta raba garin Kano da garin tuwo?

Malam Mai Aruli: Ka faɗi gaskiya, amma ba ta wanke baitinka ba.

Ɗan Funtuwa: Malam, Shata da wane ma'aunin waƙar Larabci, irin su Mutadarik, ya yi waƙa? Waƙar baka kiɗa take bi. Kai tsaya kan allonka.

Malam Mai Aruli: To a ina kiɗan yake a nan? Rubutu kuka yi, da ma'aunin rubutu zan auna ku.

Gimbiyar Damagaram: Kun cika mu da surutu, ga nawa:

Malam na awon baiti kamar mai awon gero,
Baba na kukan kaset, Yaro na riƙon biro.
Ni dai waƙa in ta ratsa ni sai in taka,
Ko daga memori ta fito, ko bakin ɗan Bororo.

Malam Mai Aruli: Wannan kam ya zauna, Hajiya.

Yaron Sutudiyo: Au, nata ya zauna? Ƙirga gaɓoɓin ɗangon ƙarshe mu gani, Malam!

Na Zangon Kumasi: Yanzu na samu netwok. Wa ya ci?