Me za mu kira "spasme coronarien" da Hausa?

Mai shirin lafiya a rediyo, Tawa:
Salamu alaikum jama'a. Ranar Laraba lokotoron zuciya zai shigo shirinmu, ya ce zai yi magana a kan "spasme coronarien". Yawancin masu sauraronmu na Adar ba sa jin Faransanci. Na rubuta "toshewar jijiyar zuciya". Ya yi?

Ma'aikaciyar jinya, Yamai:
Wa'alaikumus salam ƙanena. Bai yi ba. Toshewa ita ce idan kitse ya taru a bangon jijiya shekara da shekaru har hanyar ta ƙuntata. Wannan kuwa, sau da yawa in aka ɗauki hoton jijiyar ba a ganin komai a ciki. Naman da ya zagaye bangonta ne ke matsewa farat ɗaya, jini ya rage isa ga zuciya, bayan mintoci ta saki. Shi ya sa mutum yana kwance, ba noma ba ɗaukar kaya, tsakar dare ko gab da asuba, sai ƙirji ya riƙe masa. Wani likitan Amurka, Myron Prinzmetal, ya bayyana ciwon a 1959.

Malamin makaranta, Tawa:
To Hajiya, a ce "shaƙewa" mana.

Ma'aikaciyar jinya:
Malam, da an ce shaƙewa tsohuwa za ta kama maƙogwaro, ta zaci numfashi ake nufi. Ni "tsukewa" nake gaya wa majinyata, kamar yadda ake jan zariya bakin wando ya tsuke, a saki ya koma yadda yake. Amma a riƙa ƙara "jini", don jijiya a Hausa tana ɗaukar ta agara da ta laka duka.

Mai shirin lafiya:
Madalla, Yaya. Saura "hormones" ɗin da lokotoron ya ce su ke jan zariyar, me za mu kira su?

Ɗalibin likitanci, Jami'ar Abdou Moumouni:
Ranku ya daɗe, in sa baki. Ba guda ba ne. Akwai adirenalin da noradirenalin, masu yawaita lokacin tsoro ko ɓacin rai. Akwai serotonin da ƙwayoyin daskarar da jini ke saki. Sai endotelin, wanda masu bincike a Japan suka gano a 1988. Fatar cikin jijiyar da kanta ke yin sa, kuma yana cikin mafi ƙarfinsu. Ita wannan fatar dai ke fitar da wani sinadarin mai sassauta jijiya, taba sigari kuwa na lalata ta, sai masu tsukewa su rinjayi mai sassautawa. Sanyi da hodar iblis ma na tayar da ciwon. Ni zan ce "sinadaran tsuke jijiya".

Malamin makaranta:
Yarona, "sinadari" ba zai sa a yi tunanin na miya ba?

Ma'aikaciyar jinya:
Sai a ce "sinadaran jiki masu tsuke jijiya". Ya yi tsawo, amma ana gane shi. Ƙanena, ka roƙi lokotoron ya faɗi ƙwayar da ake sawa ƙarƙashin harshe, nitrogiliserin, kuma duk wanda ƙirji ya riƙe wa ya nufi asibiti, kada ya jira gari ya waye.

Mai shirin lafiya:
Na rubuta: tsukewar jijiyar jinin zuciya. Allah ya saka da alheri.