'Yar motar golf a bayan tirelar kwana tana sa ni tangaɗi a hanya

Salam jama'a, don Allah a taimaka min, abin nan ya ishe ni. Ina zaune a Texas, ina da tirelar kwana irin tafi-da-gidanka wadda suke ce wa fifth wheel, wato wadda ake maƙala wuyanta cikin bodin a-kori-kura kamar na tirela babba. Tsawonta ƙafa 34. To ina so in riƙa tafiya da 'yar motar golf ɗina mai batir, na ɗora ta a sikeli ta kusa kilo 450, batiran nan su ne jaraba.

Da farko mai walda ya haɗa min faranti na ƙarfe a baya na hau da ita, ina kai gudun mil 55 a awa sai gindin tirelar ya fara tangaɗi, in babbar mota ta wuce ni kuwa sai addu'a, ashe nauyin bayan ya rage wanda ke danne wuyan a kan motar. Na kwashe kaya na mayar gaba, na zubar da ruwan tankin baya, na ƙara iskar taya, ya ɗan ragu amma yana nan, kuma yanzu na ga waldar ta fara tsagewa ta gefe ɗaya.

Na so in ja ta a ƙaramar tirela daban, sai dai duka haɗin zai wuce ƙafa 65 da Texas ta yarda, wasu jihohin ma ba sa barin jan biyu sam.

Wanda ya taɓa amfani da irin farantin da ake haɗawa a bayan tirela mai tayar da ke juyawa a ƙarƙashi, yana kashe tangaɗin nan da nauyi irin wannan? Na gode.